An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Wataƙila wani daga cikin masu karatu ya ce, me ya haɗa mu da ƙanƙara? Mu da muke zaune a fadamar Rima, inda zafin bazara ke hana mutum kwana a ɗaki, ina ruwanmu da wasan Turawa na rawa da tsalle a bisa daskararren ruwa? Gaskiya ne, babu ɗan Kabi da ya taɓa ɗaura takalmin zamiya. Amma shari'ar da aka yi a kan wannan wasa ta shafe mu, domin irinta an sha yi wa 'ya'yan Nijeriya, kuma in ba mu farka ba wata rana a filin wasa na Haliru Abdu da ke Birnin Kebbi za a yi ta, ko kuwa a bakin Matan Fada. Abin da muke faɗi a taƙaice shi ne: duk sa'ad da aka kama ɗan wasa da shan ƙwayar ƙara kuzari, bulala a bayan yaro take sauka, manyan da suka ba shi ƙwayar da ma'aikatan da suka yi barci a ofis kuwa sai su kaɗe riga su wuce. Wannan shi ne barin jaki a daki taiki, kuma ba mu yarda da shi ba.

Ga yadda abin ya faru. Ran 25 ga Disamba, 2021, aka ɗauki fitsarin wata yarinya 'yar Rasha mai suna Kamila Valieva a wajen gasar ƙasarsu. Shekarunta 15 a lokacin. Sakamakon awon bai fito ba sai bayan mako shida, cikin watan Fabrairu na 2022, alhali tana birnin Bejin wajen wasannin Olamfik na hunturu, har ma ta riga ta taimaki ƙungiyar Rasha ta zo ta ɗaya. Abin da aka samu a jikinta shi ne tirimetazidin, watau wani maganin ciwon zuciya wanda aka haramta wa 'yan wasa. Lauyoyinta suka ce maganin kakanta ne ya gauraya da abin da ta ci. Aka yi ta ja-in-ja har shekara biyu, sa'an nan ran 29 ga Janairu, 2024, Kotun Wasanni ta Duniya da ke ƙasar Suwizalan ta yanke mata hukuncin dakatarwa na shekara huɗu, aka ƙirga tun daga ranar da aka ɗauki fitsarin, aka kuma soke duk nasarorin da ta samu bayan ranar. 'Yan wasan Amurka da na Japan, waɗanda suka cancanci zinariya da azurfa, sai a birnin Faris suka karɓi lambobinsu, cikin watan Agusta na 2024.

To, a cikin takardun wannan shari'a akwai abin da ya kamata ya tsayar da kowane mai hankali. An bayyana cewa tsakanin 2020 da 2021, watau tun tana 'yar shekara 13 zuwa 15, an ba yarinyar nan magunguna da ƙwayoyin gina jiki iri 56. Shin ita ta rubuta wa kanta su? Ita ta je kanti ta sayo? Yarinyar da ba ta isa a ba ta lasin tuƙin mota ba, tana kwana tana tashi a hannun masu horarwa da likitoci da shugabannin hukuma, amma da ranar hisabi ta zo sunanta kaɗai aka kira. Har ranar da aka raba lambobin nan a Faris babu babba ko ɗaya da aka hukunta saboda ita. Ƙasar Rasha kanta, wadda aka tabbatar ta shirya maguɗin ƙwaya da hannun hukuma a wasannin Sochi na 2014, abin da ya same ta a Bejin bai wuce hana ta ɗaga tuta da sauya mata suna ba. Ita kuwa hukumar wasan ƙanƙara ta duniya, gyaran da ta yi a 2022 shi ne ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17. Madalla da gyara, amma hana yara shiga fili bai ɗaure hannun masu ɗura musu ƙwaya ba.

Daɗin daɗawa, ma'aunin ma ba ɗaya ba ne. A farkon 2021 an sami wannan magani, tirimetazidin ɗin dai, a jikin 'yan ninƙaya 23 na ƙasar Sin. Hukumar ƙasarsu ta ce daga ɗakin girkin otal ya shiga abincinsu, Hukumar Yaƙi da Shan Ƙwayoyin Ƙara Kuzari ta Duniya, WADA, ta karɓi wannan hanzari, da yawansu suka tafi Olamfik na Tokiyo, kuma duniya ba ta ji labarin ba sai a watan Afrilu na 2024. Daga baya an naɗa mai bincike, ya ce WADA ba ta nuna son kai ba. Mun ji. Amma darasin da talaka zai ɗauka a fili yake: ɗan wasan da ke da hukuma mai ƙarfi a bayansa, da lauyoyi da masana, maganarsa tana shiga kunne, wanda ba shi da kowa kuwa, sai abin da aka ga dama.

Yanzu mu dawo gida, domin mu ma muna da tamu Kamila, kuma ta riga ta Rasha. A watan Yuli na 2014, a wasannin ƙasashe renon Ingila da aka yi a birnin Gilasgo, Chika Amalaha ta ci wa Nijeriya zinariya a ɗaga nauyi, ajin kilo 53. Shekarunta 16. Cikin 'yan kwanaki aka karɓe lambar, domin an sami magungunan sa yawan fitsari iri biyu a jikinta, irin waɗanda ake sha don rage nauyi da sauri ko don ɓoye wata ƙwaya. Aka dakatar da ita shekara biyu. Jaridun duniya suka buga sunanta da hotonta. Muna tambaya, 'yar shekara 16 ita ta san cewa maganin hawan jini yana sauke nauyi kafin a hau sikeli? Wa ya koya mata? Wa ke tare da ita a sansanin horo dare da rana? Yarinya ta sha kunya a gaban duniya, manyan da suka raka ta suka dawo da jakunkunan tsaraba.

Abin da ya faru a Tokiyo ya ma fi wannan ciwo, don a can ko ƙwayar ba a sha ba. Dokar wasannin guje-guje ta duniya ta sa Nijeriya cikin rukunin ƙasashen da ake sa wa ido, saboda haka tilas ne a yi wa kowane ɗan wasanmu awo na ba-zata aƙalla sau uku cikin watanni goma kafin babbar gasa. Wannan aikin hukuma ne, ɗan wasa ba ya kai kansa awon ba-zata. A ƙarshen watan Yuli na 2021 aka ba da sanarwar 'yan wasa 20 daga ƙasashe dabam-dabam waɗanda ba su cika wannan sharaɗi ba, goma daga cikinsu namu ne. Rabin kunyar duniya a kanmu! Sun riga sun isa Tokiyo, sun yi shekaru suna gumi, aka ce su koma su zauna a benci. Duniya ta ga 'ya'yan Nijeriya suna zanga-zanga da kwalaye a hannu a unguwar 'yan wasa. A wannan lokaci kuwa hukumar wasannin guje-guje ta ƙasa ta rabu gida biyu, ana ta kokawar kujera. Hukumar ta fito ta ce ta ɗauki laifin, amma ɗaukar laifi da fatar baki ba ya mayar wa kowa shekara huɗu na ƙuruciyarsa.

Mai son ya san kuɗin wannan sakaci, to ga shi. Ɗaya daga cikin goman nan, Annette Echikunwoke, mai jifan guduma, ta koma tana yi wa Amurka wasa, kuma a Faris a 2024 ta ci lambar azurfa, a gasar da Nijeriya ta dawo hannu rabbana, ko tagulla ba ta samu ba. Wata daga cikinsu, Favour Ofili, ta cancanci shiga tseren mita 100 a Faris ɗin, sai aka wayi gari ba a rubuta sunanta ba. Sau biyu ke nan ma'aikatan ofis suna kayar da yarinya ɗaya. Kwamitin da aka kafa ya bincika ya ɗora laifin a kan sakacin jami'ai. Ashe abokin gabar ɗan wasan Nijeriya ba lallai ne ya zo daga Jamaika ko Amurka ba, yana nan zaune a bayan tebur da biro a aljihu.

Kada wani ya ɗauka muna neman a yafe wa kowa. A Tokiyon nan aka cire Blessing Okagbare daga tseren mita 100 ana dab da zagayen kusa da na ƙarshe. Ita babba ce, ta haura shekara 30, ta san abin da take yi, kuma a 2022 aka dakatar da ita shekara goma, daga baya aka ƙara mata ɗaya. Ba mu yi mata kuka ba. Amma a dubi ɗaya gefen. Mutumin da ya sayar mata da ƙwayoyin, Eric Lira, mazaunin jihar Tekzas ta Amurka, shi ne na farko da aka gurfanar a ƙarƙashin dokar da Amurka ta kafa a 2020 don kama masu safarar irin waɗannan ƙwayoyi. Ya amsa laifinsa, aka ɗaure shi wata uku a 2024. Mai sha shekara goma sha ɗaya, mai sayarwa wata uku. Duk da haka gara su, ko ba komai sun nuna cewa ana iya bin sawun ƙwaya har a kai ga hannun da ya miƙa ta.

Akwai kuma masu cewa, tun da kowa yana sha, a bar kowa ya sha, a huta. Waɗannan muna tuna musu da Sunday Bada. A Olamfik na Sidni a shekarar 2000, shi da Clement Chukwu da Jude Monye da Enefiok Udo-Obong suka zo na biyu a tseren ba-ni-in-ba-ka na mita 400 sau huɗu, Amurka ta zo ta ɗaya. A 2008 ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa ya sha ƙwaya. Sai a 2012 aka tabbatar wa Nijeriya zinariyarta, Sunday Bada kuwa ya rasu a watan Disamba na 2011. Ya shiga kabari bai taɓa lambar da ya ci da guminsa ba. Wanda ya sha ƙwaya ɓarawo ne, haƙƙin mai gaskiya ya sata, kuma wajibi ne a karɓe abin da ya sata. Abin da muke ƙi shi ne a tsaya a kan ɓarawon da aka aika, a ƙyale wanda ya aike shi.

Mu mutanen Kabi ba baƙi ba ne ga dokar gasa, ba kuma Turawa suka koya mana ita ba. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe babin gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun ɗan Adam. Bikin nan tun asali a kan ƙa'ida ya tsaya. Ana hana su a Matan Fada har ranar gasa, Sarkin Ruwa ne ke ba da izini, ba mai faɗawa ruwa sai an ba da alama, ba kuma a shiga da komai sai homa da gora. Ma'anar duk wannan ita ce kowa ya shiga ruwa da ƙarfin da Allah ya ba shi da gwanintar da ya gada.

Amma da kyauta ta yi tsoka, sai maguɗi ya leƙo. A bikin 2008 an ba wani masunci kyautar farko saboda kifi mai nauyin wajen kilo 66. Sauran masunta suka yi ƙorafi, aka bincika, aka gane kifin ya riga ya mutu tun kafin a fito da shi, watau shigo da shi aka yi. Aka karɓe kambin, aka kama mutumin. Mun yaba wa masarauta da masuntan da suka ƙi yin shiru, domin sun yi cikin 'yan kwanaki abin da ya ɗauki hukumar Olamfik shekara goma sha biyu a shari'ar Bada. Sai dai a nan ma akwai abin dubawa. Kifin da ya ci gasar 2005, mai kilo 75, ƙarti huɗu ne suka ɗora shi a sikeli. Kifi mai kilo 66 ba a sa shi a aljihu, ba a kuma ɗaure shi a bayan keke a ratsa taron dubban mutane. Amma suna ɗaya tak duniya ta ji.

Kyautar kuwa ƙara tsoka take yi. Da aka farfaɗo da bikin a watan Maris na 2020, bayan ya yi kusan shekara goma a kwance, wanda ya zo na ɗaya da kifi mai kilo 78 ya tafi gida da miliyoyin naira da mota da kujerar Makka. A gefen ruwan kuma ana kokawa ana dambe, wasannin da yanzu ake ɗaukar hotonsu ana sayarwa a YouTube, masu kuɗi suna zuba jari, 'yan caca suna jira. Sai a haɗa wannan da halin da ƙasa ke ciki. Binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka yi amfani da kayan maye cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramol da kodin suka sha. A wannan shekara ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Tiramol kuwa, kowa ya san yadda leburori da 'yan acaba da masu noman fadama suke haɗiyarsa don kada su ji gajiya. Ƙwayar da ke kashe zafin ciwo, wane ɗan dambe ne ba za a yi wa tayinta ba? Tun daga 1 ga Janairu, 2024, WADA ta haramta tiramol a lokacin gasa. To, 'yan kokawa nawa ne a Argungu da Bunza da Jega aka zauna aka gaya wa haka da harshen da suke ji? Ranar da ɗaya daga cikinsu ya yi fice, aka kai shi gasar ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, aka miƙa masa kwalba, shi za a kira mai maguɗi. Ubangidansa da ya saya masa, da mai kantin magani da ya sayar ba takardar likita, da jami'in da bai faɗakar da shi ba, duk za su ce ba su san zancen ba.

Saboda haka muna kira, kuma da babbar murya.

Na farko, ga hukumomin wasanni na tarayya. A 2025 an sa hannu a kan dokar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta ƙasa, bayan WADA ta kai ƙarar Nijeriya saboda rashin cika ƙa'ida. Doka a takarda ba ta tsoratar da kowa. Muna so duk ranar da aka kama ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba, a buɗe bincike a kan mai horar da shi da likitansa da shugaban tawaga, a kuma buga sakamakon kamar yadda ake buga sunan yaron. Jami'in da sakacinsa ya hana ɗan wasa shiga fili, a faɗi sunansa, a raba shi da kujerar.

Na biyu, ga ma'aikatar wasanni ta Jihar Kebbi da kwamitin bikin Argungu. Rigakafi ya fi magani. A rubuta ƙa'idar kokawa da dambe da kamun kifi da Hausa, da boko da ajami, a karanta ta a gidan rediyo, a tara sarakunan dambe da na kokawa da na ruwa a bayyana musu ita kafin ranar biki. A ajiye likita a bakin fili. A kuma rubuta ƙarara cewa hukuncin ubangidan da ya ba yaronsa ƙwaya ya ninka na yaron. Kada a fara da awo da kamu kafin a fara da ilmantarwa, domin kama jahili da dokar da ba a karanta masa ba zalunci ne.

Na uku, ga hukumar NDLEA da masu sa ido a kan kantunan magani. Yaron da ke layi a bakin tasha ba shi ya shigo da kwantena ba. A bi ƙwayar zuwa tushenta.

Na ƙarshe, gare mu, 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata. Kada mu manta cewa waɗanda suka kunyata ƙasa a Tokiyo da Faris ba jahilai ba ne, masu digiri ne irin wanda muke nema. Haka nan da hukumar FIFA ta dakatar da Nijeriya daga gasar matasa a 1989 saboda maguɗin shekaru, da kuma 2016 da aka sallami yara 26 daga ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 17 bayan awon ƙashi, masu ilmin boko ne suka cika takardun, suka buga hatimi. Gobe mu ne za mu zauna a waɗannan kujeru, a Birnin Kebbi ko a Abuja. Fayil zai zo gabanmu ɗauke da sunan ɗan talaka wanda bai da kowa sai Allah sai ƙafafunsa. In muka jefa shi a durowa muka tafi neman alawus ɗin tafiya, to mun shiga sahun waɗanda muke zagi yau. Ko a nan makaranta, wanda ya san abokinsa yana haɗiyar ƙwaya kafin wasan ƙwallo ko daren jarrabawa ya kuma yi shiru, ya fara koyon aikin.

Ƙungiyar ɗalibai tana da baki, tana da alƙalami, kuma yawancinmu 'ya'yan masunta ne da manoma da mahauta, watau gidajen da 'yan kokawa da 'yan dambe ke fitowa. In mun koma gida hutu, mu zauna da ƙannenmu mu gaya musu abin da ke cikin ƙwayar nan da abin da doka ta ce. In kuma an kama wani yaro, kada mu bi ayarin masu jifa, mu tsaya mu tambaya: wa ya ba shi, wa ya sayar, wa ya ga ana ba shi ya kau da kai? Ba za mu daina wannan tambaya ba sai an fara amsa ta da sunaye.

Allah ya ba mu shugabanni masu jin kunya, mu kuma ya sa mu fi su.